Garkuwar Mota a Birnin Shehu: Abin Dubawa Kafin a Ɗaura Ƙarfe

Sakkwato gari ne da ke zaune a kan tudu, fadama ta yi masa ƙawanya. Gulbin Rima ya gangaro ta wajen Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato ya biyo ta ƙasar Zamfara, suka haɗu kusa da birnin, suka nausa Argungu. Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809 mutanensa ke fita ta ƙofofin da har yau sunayensu ke bakin kowa, ko da yake ganuwar ta zube: Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Aliyu Joɗi. A da, mai fita ta waɗannan ƙofofi doki yake ɗaura wa sirdi, ko ya lafta wa raƙumi kaya. Yau mota yake tayarwa. Sai dai dabbobin ba su bar hanya ba.

Ka ɗauki titin arewa, wanda ya bi ta Kware da Gwadabawa ya kai Illela, kilomita 80 da 'yan kai daga birni, inda ake tsallakawa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi, da kasuwar Illela ke ci, da jajiberinta, shanu da raƙuma da tumaki suke cika gefen titi. Ka bi ta Achida zuwa Wurno da Goronyo, jakuna ne da amalanken shanu ɗauke da albasa da tafarnuwa. Ta kudu, hanyar Bodinga da Shagari da Tambuwal, ko ta Shuni da Dange zuwa Tureta, da wuya ka wuce ƙauye jar akuyar nan ta Sakkwato ba ta gitta maka ba. Burtalin makiyaya ya girmi kwalta, kuma inda suka gamu, garke ba ya duba dama da hagu.

Wannan duk a kan kwalta ne. Mai gona a fadama, da dillalin albasa, da ma'aikacin rigakafi, da mai haƙar rijiyar burtsatse, da malamin gona, aikinsu yana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Haka shi ma mai son ganin tarihi da idonsa: kufan Surame na Kanta a ƙasar Binji, da Degel inda Shehu Usmanu ya zauna kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, ba a bakin babban titi suke ba. Da rani rairayi ne mai haɗiye taya, da kututturan gona, da sabara da geza masu karce gefen mota. Da damina laka ce da kwazazzaban da ruwa ya yanka dare ɗaya. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, da ta yanke hanyar Kwalkwalawa har sai da kwalekwale ake isa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san fadamar Rima ba ta da alkawari.

Shi ya sa motocin da ke ja da taya huɗu, su Hilux da Land Cruiser da 'yan uwansu, suke da daraja a garin nan. Shi ya sa kuma da yawansu za ka gan su da wani ƙarfe a gaba, wani baƙi, wani yana ƙyalli, wani ya rufe fitilu kamar tagar kurkuku. A nan za mu kira shi garkuwa. Kafin maigida ya zare kuɗi ya sa a ɗaura masa, akwai abubuwan da ya kamata shi da iyalinsa su sani.

Asalin ƙarfen da aikinsa

Inda garkuwar mota ta fi yin suna ita ce Ostireliya. Ƙasa ce mai faɗin daji, mutum kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita bai ga gareji ba, ga shanu sake, ga kangaru, dabbar nan mai tsalle da ke goyon ɗanta a aljihun ciki, tana faɗowa titi da almuru. Har sunayen da suke kiran ƙarfen da su, daga bijimi da kangaru aka samo su. A can ne manyan kamfanonin sana'ar suka tashi: TJM a Brisbane a 1973, ARB a Melbourne a 1975.

Abin da ya sa suka ƙera shi abu ɗaya ne. A bayan bamba, da ɗan taƙi kaɗan, lagireto yake. Ƙarfensa sirara ne, tunkiya ma na iya fasa shi. Da ya fashe ruwa ya tsiyaye, injin ya ɗau zafi, tafiya ta ƙare. A cikin gari wannan ɓacin rana ne kawai. A dajin Tangaza da tsakar rana a watan Afrilu, da yara a mota, ga waya babu sabis, magana ta girma. Aikin garkuwa shi ne ta tare bugun dabba ko kututture daga lagireto da fitilu, domin motar ta iya kai kanta gida. Bayan haka tana ba da wurin ɗaura ƙarin fitila da injin janye mota idan ta kafe. Iyakarta ke nan. Ba ta mayar da mota tankar yaƙi, ba ta ƙara wa birki ƙarfi, ba ta ƙara wa direba ido.

Mutanen da sun san wannan hikima a kan doki. Lifidi, wanda har yau ake gani a hawan sarakuna, ɗinki ne mai kauri da aka cusa wa abu mai laushi. Kibiya takan nutse a cikinsa ƙarfinta ya mutu kafin ta kai fata. Amma dokin lifidi ba ya dogon gudu, nauyi da zafi suna cin sa. Darussa biyu ke nan da suka shafi mota kai tsaye: kariya mai kyau tana shanye bugu, kuma kowace kariya tana da nauyin da wani zai ɗauka.

A Buzaye

Mai neman garkuwa a Sakkwato, ƙafarsa za ta kai shi Buzaye, matattarar makanikai da masu kayan gyaran mota, ko wurin masu walda da ke warwatse a unguwanni. Gari ne da ya san ƙarfe. Unguwar Maƙera Asada shaida ce. A Buzaye ƙarar guduma ba ta yankewa, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, yaran gareji suna kai da komo da sifana a aljihu. Kafin ka kashe mota wani ya leƙo ta taga: “Alhaji, mi kaka so a yi ma?” Amsar da za ka bayar ita ce rabin cinikin, don haka gara ka zo da ita daga gida.

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai sabuwa ta kamfani, wadda aka ƙera wa irin motarka da shekararta. Sau da yawa sai an yi odarta daga Kano, Abuja ko Legas, kuma ita ce mafi tsada. Akwai ta hannu, 'yar Kwatano, wadda aka ciro daga wata mota. Sai kuma wadda mai walda zai yanka fayif ya lanƙwasa ya haɗa maka nan take. Ko wacce ka karkata gare ta, tambayoyin da za ka yi iri ɗaya ne.

Ta farko, da me aka yi ta? Baƙin ƙarfe ya fi juriya, kuma idan ya lanƙwashe kowane mai walda zai miƙe shi, ko a Gwadabawa ko a Gidan Madi. Aibinsa nauyi da tsatsa. Alminiyon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ba ya tsatsa, amma ya fi tsada, kuma ba kowane gareji ke da injin waldarsa ba. Akwai kuma ta roba mai kauri, wadda kan lotsa ta dawo daidai bayan ƙaramin karo. Ita ce mafi sauƙin illa ga mutum, kuma ta isa ga akuya da tunkiya da kututture. Siririn fayif mai ƙyalli kuwa, wanda ake maƙalawa da ƙananan kunnuwa biyu, ado ne. Ranar karo yakan nannaɗe ya koma ciki, shi da kansa ya fasa lagireton da aka ce ya tsare. Garin neman gira an rasa ido.

Ta biyu, a ina za a ɗaure ta? Garkuwa ta gari a jikin shasi take zama, a ramukan da kamfanin motar ya tanada, da ƙusoshi masu ƙarfi. Duba kan ƙusar, za ka ga lamba, 8.8 ko 10.9 su ne na irin wannan aiki. Kada ka yarda a liƙa ta da walda a jikin shasi. Wuta tana raunana ƙarfen, gyara yana wuya, kuma ranar da ka so cirewa sai an yanka. Duk waldar da za a yi a jikin mota kuwa, a fara cire kan batir, domin kada wuta ta taɓa ƙwaƙwalwar motar.

Ta uku ita ce wadda aka fi tsallakewa. Gaban motar zamani da gangan aka yi shi ya lotse. Yadda yake murƙushewa a hankali shi ke shanye ƙarfin karo kafin ya kai ƙirjin direba, kamar dai lifidi. Jakar iskar da ke cikin sitiyari kuma tana da na'ura mai auna yadda mota ta tsaya farat ɗaya, ita ke yanke lokacin fashewarta, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan aka ɗaure ƙarfe mai tauri kai tsaye a kan shasi, lissafin ya canja. Jakar na iya fashewa a ƙaramin karon da bai kai ba, ko ta saɓa lokacinta a babba, kuma bugun da ya kamata bamba ta shanye sai ya zarce cikin mota. Manyan kamfanoni suna sa wani sashe mai lotsewa tsakanin garkuwa da shasi, suna gwada shi a kan kowace irin mota. Mai walda, duk iya hannunsa, ba shi da wurin wannan gwaji. Saboda haka tsohuwar a-kori-kura marar jakar iska, wadda ba ta barin gona, tana iya zama da aikin hannu mai kyau. Motar da ke ɗaukar iyali, mai jakar iska, ko dai garkuwar da aka ƙera mata, ko a bar ta da bambarta. Sababbin motoci ma suna da kyamara da na'urorin hango abin da ke gaba, waɗanda ƙarfe kan iya rufewa.

Ta hannu kuma sai a juya bayanta a duba. Idan akwai alamar an taɓa miƙe ta, ko tsaga a bakin walda, ko kunnuwanta ba su hau ramukan motarka ba sai an huda sababbi, to ba taka ba ce. Araha ba ta ado.

Zafi, nauyi da rairayi

Akwai abubuwan da ƙasar Sakkwato ke tambayar garkuwa waɗanda wata ƙasa ba ta tambaya. Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40 sau da yawa. Injin yana shan iska ne ta ragar gaba, kuma duk fayif, duk faranti, duk babbar fitilar da aka jera a gabanta, ta rage masa numfashi. Motar da ke jan kaya cikin rairayi da ƙaramar giya, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ba ta da rarar iskar da za ta yi kyauta da ita. Ka tsuguna a gaban motar ka duba: idan ba ka hango ragar sosai ta cikin garkuwa, iska ma haka. Bayan ɗaurawa, a sa ido a kan allurar zafi a tafiyar farko. Da kaka kuma, ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa suna toshe lagireto, hunturu ya zo ya ƙara da ƙura. A tabbata garkuwar ta bar wurin da hannu da ruwa za su shiga a wanke.

Na biyu nauyi. Cikakkiyar garkuwar baƙin ƙarfe takan kai nauyin buhun siminti ɗaya, wata ta doshi biyu. In an ƙara injin janye mota, an ƙara wajen rabin buhu ko fiye. Ka ƙaddara an ɗauko buhunan nan daga Kalambaina an rataye su a can ƙarshen hancin mota, ba a saukewa dare da rana. Gaba zai sunkuya, sifirin da shokozoba su gaji da wuri, tayoyin gaba su riƙa cinyewa, mai ya ƙara tafiya, birki ya ƙara nisa. A rairayi kuwa hanci mai nauyi shi ke fara nutsewa. Don haka kuɗin garkuwa mai nauyi ba ya ƙarewa a kanta; sau da yawa sai an canja sifirin na gaba. Kuma kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata. Abin da ƙarfe ya ci, an rage shi ne daga buhunan albasa ko daga fasinja.

Na uku siffa. Garkuwar shiga daji gefunanta a ɗage suke, domin taya ta riga ƙarfe taɓa gangaren rafi. Wadda ta zubo ƙasa ko ta yi gaba da yawa, ita ce za ta fara tokarar bakin kwazazzabo ta rataye motar. Faranti a ƙarƙashin injin yakan fi manyan fayif na sama amfani a gonakin da ke cike da kututture. Sannan a kiyaye wannan: ba a ɗaura igiyar ja a jikin fayif ɗin garkuwa. Akwai ƙugiyoyin da aka yi don haka a jikin shasi. Ƙarfen da ya ɓalle lokacin da ake fizgar mota daga laka yana tashi kamar harsashi, ga kuma mutanen ƙauye da suka taru taimako a tsaye kewaye.

A gaskiya ma, a rairayin Gudu ko Gada, shebur da famfon iska da katako biyu sun fi garkuwa fitar da mutum kunya. A rage iskar taya kafin a shiga, a mayar bayan an fita.

Abin da ba ta iyawa

Garkuwa tana maganin akuya da tunkiya. Tana iya ceton lagireto daga jaki ko maraƙi idan gudu kaɗan ne. Bijimin bokolo kuwa, mai ɗaruruwan kilo, zancen ya dogara ga gudun da aka zo da shi. Raƙumi shi ne babban gwaji, kuma babu garkuwar da ke cin sa. Ƙafafunsa dogaye ne. Mota takan share su, gangar jikin, mai kilo 400 zuwa 600, ta faɗo kan gilashi da rufi, daidai inda mutane suke zaune. Likitocin Saudiyya sun daɗe da sanin irin raunin wuya da kai da wannan karo ke jawowa. Ƙarfen da ke gaban lagireto bai ma san an yi ba.

Abin da ke hana wannan sauƙin gudu ne. Ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: wanda ya ninka gudunsa sau biyu ya ninka bugun sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma daga ganin abu zuwa tsayawa cak tana buƙatar fiye da mita 50 a kan busasshiyar kwalta. A burji ko rairayi abin ya fi haka. Da almuru, lokacin da garke ke komawa gida, ido bai gama sabawa da duhu ba, baƙin sa ba ya bayyana sai an zo kansa. Babbar illar garkuwa ga wasu direbobi ita ce ƙarfin halin da take sa musu, su taka mai a inda da can suke sassautawa.

Tafiyar dare a wasu sassan jihar ma yanzu ta wuce zancen dabba. Matsalar 'yan bindiga a yankin Sabon Birni da Isa, da ta yankin Tangaza da Gudu, ta sa mai hankali yana tambayar mutanen wuri kafin ya kama hanya, ya fita da hantsi, ya dawo kafin la'asar sakaliya. Wanda ya kiyaye wannan ya rage haɗuwa da garke a duhu ba tare da ya sayi ko da ƙusa ɗaya ba.

Idan kuma tsautsayi ya gitta aka buge dabba, a tuna cewa tana da mai ita. Saniya ɗaya na iya zama sadakin ɗa, jaki ɗaya shi ne ruwan shan gida guda. Inda wurin ke da aminci, a tsaya, a nemi mai unguwa ko hakimi, a daidaita. Samun mota ba lotsa bai sauke hakki ba.

Yaron da ke bakin titi

Yanzu mu dawo cikin gari, domin a nan ne motar dajin take kwana. Ka lissafa kwanakinta. Wataƙila sau biyu ko uku a wata take ganin fadama. Sauran ranakun tana kan titin Ahmadu Bello, tana shawagi a shataletalen Dandima, tana kutsawa Tsohuwar Kasuwa, tana kai yara makaranta a Mabera ko Arkilla, tana neman wurin tsayawa kusa da Masallacin Shehu ranar Juma'a. Abokan hanyarta a nan su ne ɗan kabu-kabu da goyon mutum biyu, da Keke Napep, da mai turin ruwa, da tsohuwa mai tsallaka titi a hankali, da almajiri da ƙoƙonsa, da 'yan makarantar allo da ke fitowa a guje.

Ƙarfen da bai ji tausayin bijimi ba, ba zai ji na mutum ba. Bambar roba da murfin injin na motar zamani an yi su ne su ɗan lotsa idan sun bugi mutum, su ɗauke shi sama. Fayif mai tauri yana tattara bugun a wuri ɗaya. Ga babba, daidai cinya da ƙugu yake sauka. Ga yaro ɗan shekara shida ko bakwai, daidai ƙirji da kai. Idan kuma garkuwar ta karkata gaba, tana tura mutum ƙarƙashin taya. Karon da zai ƙare a karaya da bamba, da ƙarfe yana iya ƙarewa a makabarta.

Duniya ta yi wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 da ta wajabta gwada duk garkuwar mota a kan lafiyar mai tafiya a ƙasa, daga 2007 kuma aka hana sayar da wadda ba ta ci gwajin ba. A Disamban 2017 gwamnatin Indiya ta umarci jihohinta su hukunta masu ɗaura irin wannan ƙarfe ba bisa ƙa'ida ba. Ita kanta Ostireliya, uwar sana'ar, ta gindaya sharuɗɗan siffa: kada garkuwa ta karkata gaba, kada ta yi kaifi ko tsini, kada ta tare wa direba gani.

Waɗannan sharuɗɗa ba sai an jira jami'i ya tsayar da mutum ba. Ka shafa garkuwar da tafin hannunka. Duk inda ya ji kaifi, ko ƙusa ta leƙo, ko ƙugiya ta fito gaba, a gyara. Ta bi siffar motar, ta kwanta baya, kada ta fi motar faɗi, kada ta rufe fitila ko sigina ko lamba. Ka zauna a kujerar direba ka sa a ajiye bokiti a gaban motar, a riƙa matsar da shi har ka fara hango shi. Tazarar nan duk makanta ce, kuma yaro yana iya tsayawa a cikinta. Fitilun daji masu ƙarfi a kashe su da an hau titi, domin wanda ka kashe wa ido kanka zai nufo. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, amma mai ƙarfe a gaba, a bakin makaranta ko kasuwa, rabin haka ya fi dacewa da shi. Yana da kyau kuma a tuntuɓi jami'an kiyaye haɗurra da kamfanin inshora kafin a canja wa mota fuska.

Wa ya kamata ya ɗaura?

Wanda abincinsa ke daji, kullum yana tsakanin Goronyo da Wurno da Kware, yana sauka daga kwalta mako-mako, yana da hujja. Ya nemi mafi sauƙin da za ta yi masa aiki, wadda ta dace da motarsa, ya haɗa da faranti a ƙasa, ya riƙa duba ƙusoshinta bayan kowace tafiyar burji, domin girgiza tana kwance su. Wanda kuwa dajinsa bai wuce gaisuwar Sallah a ƙauye ba, kuɗin nan ya fi amfani a tayoyi masu kyau, da birki, da fitilun da aka saita daidai, da jarkar ruwa a bayan mota. In gida yana da mota biyu, mai garkuwa ta zauna wa gona, ɗayar ta riƙa kai yara makaranta. Tun da da ƙusa aka ɗaure, ana ma iya kwancewa idan aikin fadama ya ƙare, a mayar da bamba.

Uwargida ma tana da ta cewa a nan, domin ita da 'ya'yanta ke zama a motar, kuma 'ya'yanta ne ke tsallaka titin da motocin wasu ke bi. Idan maigida ya zo da zancen, tambayoyi uku sun isa: sau nawa motar nan ke shiga daji, jakar iskarta za ta yi aiki bayan an ɗaura, kuma wa ke tuƙa ta idan ba ka nan? Ta ukun tana da nauyi, domin sau da yawa saurayin gida ne ko yaron shago ke karɓar makulli da yamma.

Lagireto ana sayen wani a Buzaye, fitila ma haka. Ɗan mutane kuwa babu shagon da ake samun madadinsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.